Mayestiro Illo Mai Wutsiya Biyu

Allah Ya yi wa ƙasar Arewa baiwa iri-iri. Ya ba ta gero, Ya ba ta dogon dutsen nan da matafiyi ke hange tun daga nesa, Ya ba ta 'yan kokawa da mafarauta. Amma duk wannan somin-taɓi ne. Sai 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu Ya cika mata ni'ima, ranar da wata kamyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, ta tsaya a kasuwar Dogon Dutsi, Mushe Illo, wato Malam Illo da faransanci, ya sauko daga bayanta. Daga Dakar yake.

Wanda bai ga saukowar nan ba bai ga komai ba. Rana tsaka, yashi na ƙona tafin jaki, amma bawan Allah sanye yake da baƙar kwat mai wutsiya biyu irin ta tsattsewa, da farar safar hannu, da wani ɗan ƙyalle a maƙogwaro mai siffar malam-buɗe-littafi. Jar ƙasar hanya ta rufe shi tun daga gira har takalmi. Bai kakkaɓe ba. Babban mutum ba ya kakkaɓe kansa a bainar jama'a. Ya hau kan wani buhu, ya dubi mahaifarsa da tausayi, irin duban da likita ke yi wa majinyacin da aka makara kawowa.

Kafin tafiyarsa, Illo shi ne mai rubuta nauyin gyaɗa a sikelin wani kanti. Aikin rufin asiri ne, amma tulu ba ya ɗaukar kogi. Ya tafi Dakar ya yi karatun kiɗa mai zurfi. Shi da bakinsa ya faɗa, Illo kuwa ba ya ƙarya.

"Babu wani babban makaɗi a Dakar," in ji shi, "baƙi ko fari, da bai cire mini hula ba."

Wani falke ɗan Kore Mairuwa da ya taɓa zuwa can ya tabbatar da maganar. Ya ce da idonsa ya gan shi a ƙofar wani babban otal inda ake kiɗa. Duk wanda ya zo shiga sai ya cire hula ya miƙa masa, shi kuma ya rataye ta a ƙusa. Ka ji shaida. Kiɗan kuwa ta ƙarƙashin ƙofa yake fitowa, kyauta, ga duk mai kunnen basira.

Abu na farko da ya sanar shi ne kada a ƙara ce masa Illo gatsau. Sunansa Mayestiro, wato uban makaɗa a bakin Nasara. Mutanen Dogon Dutsi masu ladabi ne, sai dai ba su da numfashin dogon suna. Suka yanke wutsiyar suka bar kan. Kafin kasuwa ta kewayo, gari duk ya ji cewa Maye ya dawo daga Dakar. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ya biyo hanya. Illo ya ga ana dare masa, ya ce ashe garin bai lalace gaba ɗaya ba, har yanzu ana gane girma.

Dukiyar da ya zo da ita ba ta da yawa, amma ta isa: garmaho mai ƙaho, faya-fayai 'yan kaɗan, da wata 'yar sanda siririya da ba ta isa ta kori akuya daga turmi ba. Kullum da la'asar sai ya kafa garmahon a gindin tsamiyar ƙofar gidansu, ya murɗa shi, ya tsaya a gabansa yana kaɗa sandar sama da ƙasa, ido a lumshe. Garmahon kuwa yana bin umarninsa sau da ƙafa. Bai taɓa saɓa masa ba ko sau ɗaya. Mahautan kasuwa, waɗanda suka san aikin da ake yi da irin wannan kaɗa hannu, suka ƙara masa suna na biyu: Kore-Ƙuda.

In faifai ya ƙare, jawabi ya fara.

"Ku saurara, 'yan'uwana, ku ƙaru. Kiɗa iri uku ne a duniya. Akwai kilasik, kiɗan manyan Nasara, wanda ake ji a zaune, da hankali, ba a motsa ko ɗan yatsa. Akwai jaz, kiɗan baƙaƙen Amirka, jikokin waɗanda aka kwasa daga nan aka ƙetare teku da su. Gangarmu ce ta je can ta shiga lakkwal, ta yi boko, ta sa takalmi. Sai na uku, namu na gida, mai ƙarfi kamar bijimi, amma ba wanda ya taɓa sa masa igiya. Ni, Mayestiro, zan zuba su ukun a tukunya guda. Ranar da na sauke tukunyar nan, Paris za ta tashi tsaye."

A ba gaskiya hakkinta, maganar ba ta banza ba ce. Amma ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Faifan jaz ɗinsa guda ne tak, shi ma zafin bayan kamyo ya lanƙwasa shi kamar faifan rufe ƙwarya da aka zauna a kai. In allura ta hau tudun, sai ƙahon da ke ciki ya yi kukan jaki. In ta gangaro, ya yi nishin mai ciwon ciki. Illo ya ce nan ne asirin jaz ya ɓuya, kuma ba kowane kunne ke kai wa can ba.

Ana nan damina ta kama, sai labari ya zo cewa wani baƙon Nasara zai iso daga Yamai a sallar Nasara ta tsakiyar damina, ranar da ake ɗaga tuta a yi fareti. Mutumin yana yawo ƙasa-ƙasa da akwatin kama murya, yana ɗibar kiɗe-kiɗe zuwa Paris. Illo na jin haka ya gane an aiko a ɗauke shi. Ya tare a ƙofar biro, ofishin Kumandan, Nasaran da ke mulkin garin. Da safe jawabi, da azahar jawabi. Kumandan mutum ne mai fama da zazzaɓi da kewar gida, ba abin da yake so a duniya kamar barcin rana. Ya ga hanya ɗaya ce ta samun barcin. Ya ce wa Illo ya je ya shirya abin da ya ga dama, ya haɗa shi da gardi biyu, 'yan sandan biro, su tara masa makaɗa.

Haka aka ɗebo mutane daga gonakinsu, hauya a hannu. Lokacin kuwa ba na wasa ba ne. Ruwa ya sauka da farko, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke ƙaf. Ganye ya fara naɗewa. Kowa ya tashi da safe gabas yake fara duba kafin ya dubi iyalinsa.

Aka zo da Ɗan'azumi, mai kalangun mahauta. Aka zo da masu ƙwarya biyu. Aka zo da Kafaral Yaro, tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da kileron, wato begilar bariki, da kunne guda mai aiki, ɗayan ƙarar igwa ta kashe shi. Sannan aka zo da tsoho Mani mai goge daga wani ƙauye a hanyar Lugu, mutumin da masu bori ba sa taro sai da shi. Mani kuwa wan mahaifiyar Illo ne, ciki ɗaya.

"Daga yau," in ji Illo, "kai ne firmiye biyolon, shugaban masu goge."

"Ni dai kawunka ne," in ji Mani. "Ni na riƙe maka ƙafa ran da anka yi maka kaciya. Gonata fa, Illo?"

"Kawu, gero kowace shekara ana yinsa. Tarihi sau ɗaya ake yi."

"To. Allah Shi sa a ci tarihin da miya."

A rumfar ajiye gyaɗa aka kafa makaranta, tun da damina ce ba komai a ciki sai ɓeraye. Doka ta farko: kowa ya zuba wa sanda ido. Nan take aka sami cikas. Mani ba ya goge sai ido a rufe, tun yana saurayi haka yake. Kafaral Yaro na kallon sandar da biyayya irin ta soja, sai dai ba ya jin abin da sauran ke yi. Kuma duk zamansa a bariki busa uku ya iya: ta tashi daga barci, ta cin abinci, da ta gaishe da tuta.

Illo ya ɗora musu faifan kilasik don su san inda aka dosa.

"Wani Bajamushe ne ya tsara wannan, gwanin gwanaye. Kuma ku sani, lokacin da ya tsara shi ya riga ya kurumce sarai."

Mani ya saurara har allura ta kai ƙarshe. Ya sosa gemu.

"An ji alama," in ji shi.

Haka dai ya ce da baki. Amma akwai wani ɗan layi a cikin faifan, mai tafiya uku-uku kamar raƙumi a kan rairayi, da ya maƙale wa tsohon a kunne. Yana cikin gyara tsirkiya sai ka ji ya ɗauko shi, ya tanƙwara shi, ya sa masa wani kuka da babu shi a faifan. Masu ƙwarya su ɗaga kai, hannunsu ya fara motsi da kansa. Nan Illo zai buga sanda a kan buhu.

"A'a! Ba haka Bajamushe ya tsara ba! Wa ya ba ka izinin ƙari?"

Da aka zo kan jaz kuma, sai dokar ta juye.

"Jaz 'yanci ne. Libarte! Kowa ya yi abin da ransa ke so, daidai yadda na ce."

Ya nuna Kafaral da sanda, ya ce, "Solo!" wato ya busa shi kaɗai. Kafaral ya duba cikin dukiyarsa ya zaɓi wadda ya fi ƙauna, ta cin abinci. Bai sauke kileron daga baki ba sai ga gardi da fursunonin da ke sharar hanya sun cika ƙofar rumfa, kowa da tasarsa a hannu.

"Kun gani?" in ji Illo. "Jama'a sun fara kawo kansu."

Ya yi musu jawabi a kan asalin jaz. Suka koma da tasoshinsu yadda suka zo da su, suna addu'o'in da ba a rubutawa.

Ɗan'azumi shi ne bai taɓa musu ba. Me zai sa ya yi, ga kalangu da bakinsa? Duk ɗan Arewa ya san kalangu magana yake yi. Ya matse shi a hammata ya saki: Kore-Ƙuda, Kore-Ƙuda, wutsiya biyu ba ka kai saniya ba. Masu ƙwarya suka sunkuyar da kai suna cizon leɓe. Illo kuwa iskar teku ta wanke masa kunne daga jin harshen kalangu. Ya yi tsalle.

"Wala! Wannan shi ne sinkof, bugun da ke faɗowa inda kunne bai zata ba! A riƙe shi da kyau, shi ne zuciyar aikin nan duka!"

Aka riƙe shi da kyau. Ba a taɓa bin umarnin Mayestiro da zuciya ɗaya kamar wannan ba.

Da ranar ta matso, Mani ya ja ɗan ƙanwarsa gefe.

"Illo, goge da ƙwarya da busar soja a wuri guda, ka san wa aka kira da su? Babule."

Babule iskoki ne 'yan zamani, iskokin Nasara da soja. In ɗaya ya hau mutum sai ya miƙe ƙyam, ya riƙa taku irin na fareti, yana zare ido, yana ba da oda da faransanci a karye, yana neman sukari da taba da turare. Yaro da babba a Arewa sun san su.

Illo ya yi murmushin tausayi.

"Kawu, camfi ne. Ni da na ga teku da idona?"

Ya koma gida ya ɗaure akwatinsa. Ya bi dangi yana ban kwana, yana yi wa kowa alkawarin ba zai manta da shi ba. Mai kantin da ya yi wa aiki a da ya aiko cewa kujerarsa ta sikeli na nan in kaka ta yi. Illo ya ce a ba wani mabuƙaci. Aka kuwa ba wani mabuƙaci.

Ranar salla da la'asar, filin gaban biro ya cika. Tuta na sama. Kumandan da ma'aikata na kan kujeru. Talakawa na tsaye, har da mutanen Dumega da suka zo kasuwa suka tsaya kallo, tun da gona ba ta da aikin yi sai jiran ruwa. Baƙon Nasara ya iso da safiyar nan, dogo, rana ta gasa shi ya yi jajir, da gajeren wando da wasu marufai a kunne na jin abin da akwatinsa ke kamawa. Bai san kowa ba, bai san Illo ba. Ya kafa akwatinsa ya zauna.

Mayestiro ya fito. An goge kwat, an wanke safa. Ya ɗaga hannu.

"Medam e Mesiye! Yau ƙasar Arewa za ta shiga sahun ƙasashen duniya ta hannuna. Amma da sharaɗi. Ba rawa. Ba guɗa. Ba tafi sai na juyo. Mai tari ya haɗiye abinsa."

"Wa ya rasu?" wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita.

Sanda ta ɗaga, sanda ta sauka. Mani ya rufe ido ya fara jan layin Bajamushe a hankali, yadda aka tilasta masa, kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Jama'a suka yi tsit. Wani jariri ya yi kuka, Illo ya juyo ya harare shi. Can ya nuna Kafaral da sanda.

Kafaral Yaro ya dubi tuta, ya dubi Kumandan, jinin soja ya motsa. Ya busa ta gaishe da tuta.

Kumandan ya miƙe zumbur. Baƙo ya miƙe. Ma'aikata suka miƙe, gardi suka ƙame, hannu a goshi. Doka ce, ba wanda ke zama in an yi busar nan. Illo ya waiwayo ya ga Nasara a tsaye ƙyam. Ƙwalla ta cika masa ido. Ko rabi ba a kai ba! Ya dafa ƙirji ya rusuna har wutsiyoyinsa suka kalli sama. Da suka zauna, sai ya ga bai kamata ya yi musu rowa ba. Ya sake nuna Kafaral. Suka sake miƙewa. Ya sake rusunawa.

A karo na uku Kumandan ya yi wa Kafaral wani kallo da ke nufin gidan kaso. Tsohon soja ya ruɗe a tsakiyar busa. Leɓensa ya zame, kileron ya saki wani dogon kuka a karkace, ya hau sama ya gangaro yana rawa, abin da ba a taɓa koya wa kowa a bariki ba.

Kalangu ya amsa masa.

Daga nan zance ya fita hannun sanda. Mani ya cafke kukan nan a iska, ya ɗaura shi a wutsiyar layin Bajamushe, ya saki goge. Masu ƙwarya suka shigo da gudu uku-uku, Ɗan'azumi yana ratsa su ta inda ba a zata ba. Kafaral ya ga ƙafafun jama'a na motsi, ya bi ƙafafun. Ya tsinka busarsa uku gutsi-gutsi yana jefawa duk inda ya ga gurbi, goge na tambaya yana amsawa. Ba kiɗan bori ba ne, ba na bariki ba, ba kuma na faifai ba, amma duk suna ciki, kowa na jin muryar ɗan'uwansa. Mutanen da suka kwana suna tunanin gero suka ji kafaɗunsu na motsi ba da izininsu ba. Baƙo ya danne marufan kunnensa da hannu biyu kada wani sauti ya wuce shi. Abin da Illo ya yi ta faɗa a gindin tsamiya, ga shi ya tabbata a gabansa.

Sai dai ba wanda ke kallon sanda.

Wannan kuwa ba abin haƙuri ba ne. Mayestiro ya buga ƙafa. Ya taka zuwa wajen masu ƙwarya, ya juya a kan dunduniya, ya taka zuwa wajen Kafaral, hannu a sanƙare, ƙirji a gaba.

"Atansiyo! Silans! Ku dube ni! Banda sobaj, banda ƙauyanci! Se muwa le shef!"

Gumi ya jiƙa kwat. Ɗan ƙyallen wuya ya koma bayan kunne. Ido ya yi ja ya firfito, kumfa ta taru a gefen baki. Yana taku, yana oda, yana sara iska da sanda.

A gaban taron akwai Zalihatu, tsohuwar da ke jagorantar masu bori a garin. Ta daɗe tana dubansa. Ta zunguri ta kusa da ita.

"Ya hau."

"Wa, Inna?"

"Ba ki da ido? Babule ne. Babba ma kuwa, dubi tufafinsa."

Ta tuɓe takalmi, ta shiga fili, ta durƙusa a gabansa. Mata suka biyo ta. Aka fesa masa turare. Aka tura masa sukari a aljihu, aka maƙala masa taba a kunne. Zalihatu ta kwance jan ƙyalle ta rataya masa daga kafaɗa zuwa ƙugu. Illo ya duba ƙirjinsa. Irin wannan ɗamara ya taɓa gani a jikin wani babban Nasara a Dakar. Ashe mutanensa sun fi yadda ya zata wayewa.

Manoma suka matso, suka zube a ƙasa, huluna a hannu. Waɗannan ba wasa ya kawo su ba. Wani dattijo ya ɗaga murya:

"Ranka shi daɗe, mai bariki, gero na mutuwa. Yaushe za mu ga ruwa?"

Illo bai ji shi ba. Hankalinsa na kan makaɗan da suka ƙwace, yana neman ya maido su kan ƙirga. Ya ɗaga sanda bisa kawunan manoma ya daka tsawa:

"An! De! Turwa!"

"Ya ce uku!" wani tsohon soja ya yi ihu daga cikin taro. "Kwana uku!"

Guɗa ta tashi har kan dutse. Baƙo ya bar kujerarsa, ya rarrafo da abin ɗaukar hoto, yana ɗauka ta gaba yana ɗauka ta gefe. Illo ya ga haka ya ninka himma. Mutum ɗaya ne a kan kujerun nan ya san gaskiyar lamari, shi ne Kumandan. Ya buɗe baki zai yi wa baƙo bayani, sai ya tuna barcin ranar da ya yi asara. Ya rufe bakin da hankici, kafaɗunsa na girgiza.

Baƙar kwat da ranar damina ba sa shiri. Mayestiro ya ɗaga sanda zai rufe kiɗa, sai fili ya juya masa, ya zube. Ba wanda ya yi mamaki, haka dokin iska ke faɗuwa. Samari suka ɗauke shi a kafaɗa suka nufi gida da shi. A hanya ya farfaɗo, ya ga kansa a sama, jama'a na biye da guɗa. Ya lumshe ido. Haka aka ce ana yi wa gwanaye a Paris.

Kwanakin da suka biyo baya bai fita ba. Babban mutum ba ya bin baƙo, baƙo ke zuwa. Baƙon kuwa yana can masaukinsa da Mani da sauran, yana sa su maimaita abin da suka yi, suna yi masa wani sabo kowane karo. Ba wanda ya tuna a aika a kira sanda.

A rana ta uku gabas ta yi baƙi. Allah mai yin yadda Ya so, ba don kowa ba, Ya saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gero ya miƙe.

Washegari da hantsi ƙofar gidan su Illo ba masaka tsinke. Jan zakara, sukari, kwalaben turare, ƙwaryar fura, har da wani da ya jawo ɗan akuya tun daga Dumega. Zalihatu na zaune a gaba. Sai ga motar baƙo ta tsaya, za shi Doso, ya biyo ya ga dokin iskar nan kafin ya wuce. Tafinta na tare da shi. Mani ma ya sauko daga bayan motar, goge a rataye, an sallame shi zai koma gonarsa.

Mayestiro ya fito cikin kwat, da jar ɗamara, ana biye da shi da akwati. Ya tsaya a gaban baƙo ya zuba faransanci. Ya ce a shirye yake. Ya ce ya san Paris ta ƙagu. Ya yi bayanin kilasik, ya yi bayanin jaz, ya yi bayanin sinkof, ya nemi a yi wa makaɗansa uzuri domin jahilai ne, da ƙyar ya fitar da abin da aka ji daga cikinsu.

Baƙo ya saurara baki buɗe. Ya juya wajen tafinta, ba wajen Illo ba. Ya ce ya zaga ƙasashe da yawa, ya ga masu iska iri-iri, amma bai taɓa gamuwa da iskar da ta iya faransanci haka ba. Akwai 'yan kurakurai nan da can, in ji shi, amma ga aljani ai ba laifi.

Illo ba ya buƙatar tafinta. Ya ji komai tas. Sanda ta faɗi daga hannunsa.

"Mushe! Ba iska ba ce! Ni ne! Illo ne, Mayestiro! Ze sui kompozitar! Ni na tsara kiɗan!"

"Ta yi fushi," in ji Zalihatu. "A ƙaro sukari."

Ya yi rantsuwa da faransanci, mata suka ƙara sunkuyawa. Ya buga ƙafa, aka fesa masa turare. Ya nemi Kumandan ya zo ya yi shaida, aka ce Kumandan na barci, ya hana a tashe shi.

Baƙo ya duba sama, ya duba hanya. Yana so ya tafi kafin laka ta hana. Amma mutum ne mai ladabi, ba ya son ya wuce bai gaisa da mai gida ba. Ya sa tafinta ya tambayi tsoho Mani, tun da shi ne masanin abin: yaushe iskar za ta sauka, don ya samu ya yi magana da mutumin kansa?

Mani ya gyara ratayar gogensa. Ya dubi ɗan ƙanwarsa tun daga takalmi har ƙyallen wuya, ya daɗe yana dubansa.

"Gaya mishi shi kama hanya, kada shi jira," in ji shi. "Mu da munka haife shi ma jira mukai. Tun ran da ya dawo daga Dakar ba ta sauka ba."